Godiya bayan wata huɗu a kan kiran aiki cikin JIT

Alhamdu lillahi, daren jiya gwajin ƙarshe ya wuce lafiya. Yanzu shirin BPF (ƙaramin shiri da ke gudana cikin kanel, wato zuciyar Linux) a kan na'urar da muke aiki da ita yana iya kiran wani ɓangare nasa, ya je ya dawo, kanel ɗin Linux bai faɗi ba.

Masu wannan sana'a sun san cewa kafin Linux 4.16, a 2018, dole kowane ƙaramin aiki a cusa shi cikin babban shirin. Alexei Starovoitov, ɗaya daga cikin masu kula da BPF, ya kawo kiran, amma kowane irin inji sai an koya wa JIT ɗinsa, wato abin da ke bin shirin zagaye bayan zagaye yana fassara shi zuwa umarnin injin. Wannan aka ɗora mini. Na adana R6 zuwa R9 (ƙananan ma'ajiyoyin da kira bai kamata ya ɓata ba) yadda ya kamata, na kiyaye iyakar bayit 512 ta wurin ajiyar wucin gadi na shirin, duk da haka da zarar an yi kira sai allo ya cika da kukan kanel. Mako uku ina kan haka, barci ya ƙaurace mini.

Godiyata ta farko ga babban yayanmu a wurin aiki. Ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ya ce, "Ƙanena, ƙirga umarnin zagayen farko da na ƙarshe." Muka ƙirga da biro a bayan takarda. Ashe a zagayen farko ba a san adireshin wanda za a kira ba, sai a na ƙarshe. Da adireshin ya samu sai lambar ta gajarce da umarni biyu, duk tsallen da ke bayanta ya sauka inda bai dace ba. Muka mayar da tsawon ya zama ɗaya a kowane zagaye. Yaya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi.

Ina gode wa wadda ta duba facin, wato gyaran da na rubuta, har sau biyar ba ta gaji ba. Ita ta tuna mini a gwada kira mai zurfin hawa takwas, iyakar da mai tantancewa, wato sashen kanel da ke duba shiri kafin ya gudana, ya yarda da ita. Sai ƙanena da ya riƙa tayar da janareto tsakar dare idan an ɗauke wuta.

Uwargida kuwa, wadda ta sha ɗumama tuwo ƙarfe ɗaya na dare ba ta taɓa ɓata rai ba, bakina ya yi kaɗan. Allah ya bar mu tare, ya raya mana zuri'a.