Gandiroba mace da matan da ke tsare: kusanci da iyakarsa

Idan alƙali a Katsina ko Daura ya aika mace gidan gyaran hali, abin da ya fi cin ranta a daren farko shi ne wa ya kwashi yaranta, kuma ko gidansu sun san inda take. Gandirobar da ta san aiki daga nan take farawa. Tun a wajen rajista za ta rubuta sunayen yaran da shekarunsu da wanda suke hannunsa, kamar yadda Ƙa'idojin Bangkok na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010 kan kula da mata fursunoni suka tanada, sannan ta nemi izinin shugaban gida a sanar da dangi.

Caje kuwa aikin mace ne, a keɓe, ba a gaban maza ba. Mabuɗin ɓangaren mata a hannun mace yake zama, namijin ma'aikaci ba ya shiga sai da rakiyarta. Dokar 2019 da Buhari ya sa wa hannu, wadda ta sauya wa hukumar suna daga gidajen yari zuwa gyaran hali, ta ce a yi wa mace gwajin ciki ranar da ta shigo, in an makara kada a wuce kwana 14. Sai an yi mata bayani tukuna. Matar da ba a faɗa wa dalili ba za ta ɗauka zargin ta ake yi, kuma daga ranar ba za ta sake sakin jiki ba.

Kunya ce babbar matsala. Bahaushiya za ta kwana da ciwon mara ko rashin audugar mata ba ta buɗe baki ba, balle ƙaramar yarinya a gaban sa'ar mahaifiyarta. Shi ya sa ake tambayar su ɗaya bayan ɗaya lokacin buɗe ɗaki da safe, da murya ƙasa-ƙasa. Mai jego tana bukatar ruwan zafi da ƙarin abinci, kuma ba a kulle ta ita kaɗai don horo, ba a sa wa mai naƙuda ankwa.

Inda abin ke lalacewa shi ne alkawari. Da yawansu jiran shari'a suke yi, kullum tambayar ita ce, "Hajiya, yaushe zan fita?" Gandiroba ba ta ba da beli. Abin da ke hannunta shi ne ta duba ranar komawa kotu a takardar tsarewa, ta faɗi gaskiya, ta miƙa sunan marar lauya ga Legal Aid Council, hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta, ko FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata. "Gobe in sha Allah" da aka faɗa don tausayi, in goben ta wuce, gaba take haifarwa.

Haka ma aron waya da karɓar aike da ɗan goro daga dangin da suka zo ziyara. Yau tausayi ne, gobe fursuna ta riƙe sirrin ma'aikaciya a hannu, sauran ƴan ɗaki kuma sun fara cewa wance ƴar gaban goshi ce. In za a raba sabulu, a raba a gaban kowa, a rubuta a littafi.