Godiya ta musamman bayan jinyar autanmu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah an sallamo mu, yaro ya dawo gida yana shan nono, ƙurajen ma sun fara bushewa. Baƙon dauro ne ya kama shi tun bai kai wata 9 ba balle a yi masa allurar farko, kuma ya sauka masa a ƙirji har sai da aka sa masa oksijin, wallahi mun ga tashin hankali.

Na gode wa Inna da ta tare a asibiti ko gida ba ta leƙa ba, da Yaya babba da ya biya kuɗin gado tun ban buɗe baki ba, da maƙwabciyarmu da ta kwashe sauran yaran ta riƙe su, da malam liman da jama'ar masallacinmu da suka yi ta addu'a. Masu kira da masu turo saƙo a WhatsApp ku yi haƙuri ban samu amsa kowa ba.

Sai nas ɗin dare, baiwar Allah nan ban san da me zan biya ta ba. Ita ta ba shi bitamin A, ita ta duba katin yayyensa ta ce tunda sun samu ta wata 9 da ta wata 15 mu kwantar da hankali, kuma ko ɗaya bai kamu ba duk da ɗaki ɗaya suke kwana. Wani mai jinya a gefenmu ya ce ai korona ma an yi allura mutane suka kamu, to meye amfanin. Ba ta yi fushi ba, ta ce masa baba ƙwayar korona canja kama take yi, aka yi Delta, ƙarshen 2021 Omikron ta fito daban, shi ya sa ake ta sabunta allurarta, ta mura ma duk shekara sai an sake haɗa ta. Amma ƙwayar ƙyanda inda garkuwar jiki ke kama ta ba ya sauyawa sosai, allurar da aka fara a Amurka tun 1963 irinta ce ke aiki har yau. Matsalar kawai saurin yaɗuwa, mai ita ya bar ɗaki tana nan cikin iska har awa biyu, jarirai irin nawa manyan da aka yi wa allura su ne katangarsu.

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Masu son zuwa dubiya don Allah a ɗan jinkirta, musamman mai goyo, zan sanar idan likita ya ce a zo.