Takarda ta ce 2008, ƙarfe ya ce 2007

Ranar Asabar da ta wuce na kwashe akwatin kayan aikina daga garejin da na yi shekara tara a cikinsa. Waɗanda suka san layinmu a Garwa sun san wurin, ba sai na kama suna ba. Yaran gareji sun matsa in bar musu wani abu a rubuce, wai tunda ni ne mai yawan surutu a kan aikin fiba, wato zaren gilashi da ake ƙamewa da rezin a yi rigar babur. Na zauna zan jero abin da na koya, sai babur ɗaya ya tare mini gaba, Yamaha R6 ɗin nan shuɗi da ya kusa cinye mini suna.

Mai shi ɗan wani attajiri ne da ya yi karatu a Faransa. A can ya koyi hawan filin tsere, a Carole, ƙaramin filin nan da ke kusa da tashar jiragen sama ta Charles de Gaulle, wanda aka buɗe a 1979 don masu babur su daina tsere a kan titin jama'a. Da ya gama karatu ya sako babur ɗin a kwantena ya taho da shi gida. Ya taɓa faɗuwa da shi, robar gefen hagu ta tarwatse, kuma ya ce ba ya son a mayar masa da irin ta kamfani. Rigar tsere yake so, abin da muke kira karenaj: hanci babu ramin fitila, babu wurin madubi, wutsiya mai mazaunin mutum ɗaya, da kwanon ƙasa rufaffe. Wannan kwanon ba don ado ake sa shi ba. A dokokin tsere na ƙasa da ƙasa ana so ya iya riƙe lita 5 na mai da ruwa idan inji ya fashe, don kada su malale a kwalta na baya ya zo ya taka. Shi dai ba titi zai hau da shi ba. Suna da wani fili mai kwalta a rufe da suke zagayawa shi da abokansa ranar Lahadi, kuma burinsa wata rana ya mayar da babur ɗin inda ya fito.

Patron, mai garejinmu, ya miƙo mini kart giriz, takardar rajistar babur, ya ce in yi oda, tunda ni ne mai karanta Faransanci da latsa waya. Na duba takarda, na ga 2008. Na shiga shafin masu ƙera rigunan a Turai, na ga an rubuta na 2008 zuwa 2016, na danna. Babur ɗin kuwa yana tsaye taku uku daga inda nake zaune. Lambar firam tana nan a wuyansa, sunkuyawa ɗaya da tocila ta isa. Ban sunkuya ba.

Mako bakwai kayan suka yi a hanya. Duwala, 'yan duwan, wato kwastan, jirgin ƙasa har Ngaundare inda dogo ya ƙare, sannan mota ta gangaro da su Garwa. Ranar da muka buɗe kwalin, yara suka taru kamar an kawo amarya. Fari fat, mara nauyi, warin rezin yana tashi, babu rami ko ɗaya a jiki, domin haka rigar tsere take zuwa, kai ne za ka huda daidai da babur ɗinka. Na ɗora hanci, ya so ya zauna. Na kawo gefe, ya bar tazarar yatsa guda. Na ce wannan halin fiba ne, ba ta taɓa zuwa cif-cif kamar robar kamfani. Da na kawo wutsiya ne jikina ya yi sanyi. Ko kusa ba ta hau ba. Sai a lokacin na ɗauki tocila na sunkuya: RJ11.

Ga wanda bai sani ba, RJ11 shi ne R6 na 2006 da 2007. Na 2008 zuwa 2016 RJ15 ne. Daga nesa kamar tagwaye suke, amma a 2008 Yamaha ta sake fasalin riga, ta kuma canza ƙarfen da ke ɗauke da mazauni zuwa na maganiziyam, don haka wuraren ɗauri ba ɗaya ba ne. Shekarar da ke kan kart giriz ranar da aka fara yi wa babur rajista ce. Wannan ƙirar 2007 ce da ta kwana a shago ba a saya ba sai da sabuwar shekara ta shigo. Takarda ba ta yi ƙarya ba, ni ne na tambaye ta abin da ba ta sani ba.

Na sami Patron a ƙarƙashin dalbejiya yana shan shayi. Na ce, "Patron, kayan nan ba na babur ɗin nan ba ne. Kuskurena ne, da takarda na yi aiki ban duba firam ba."

Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, fiba ce ko ƙarfe?"

Na ce fiba ce.

"To fiba ai yankawa ake. Ka yanka, ka cike da mastik, ka fesa fenti. Wa zai sani?"

Na ce, "Da mun gaya wa mai shi, ko zai yarda a sake oda."

Ya ajiye kofi. "Da kuɗin wa? Kai za ka biya jirgi? Je ka yi abin da na ce."

Ina da mata da ɗa a lokacin, amma har na bar garejin ban wuce "kai yaro" a bakinsa ba. Na juya na koma ciki. Kuskuren oda kowa yana iya yinsa, kuma da a nan abin ya tsaya, da yau dariya zan riƙa yi idan na tuna. Wanda har yanzu yake ci mini rai shi ne wannan juyawar da na yi ban ƙara ko kalma ba, alhali na san sarai abin da zai faru.

Kwana uku ina yi wa rigar dole. Inda ya kamata rami ɗaya, na huda uku. Na yanke gefen wutsiya na yi mata ƙari. Na danne gefe da gwiwa yaro yana ɗaure noti, fiba tana ƙara ƙas-ƙas ina yi kamar ban ji ba. Kwanon ƙasa ya matse bututun salansa, tazarar ko ɗan yatsana ba ya shiga. Na ce a nemo takardar alminiyam mai tare zafi a manna daga ciki, Patron ya ce gobe mai shi zai zo, babu lokaci. Aka shafe komai da mastik, aka fesa shuɗi da fari. Wallahi ya yi kyau. Mutane suna tsayawa suna ɗaukar hoto, Patron yana tsaye a gefe hannu a ƙugu.

Watan Afrilu ne, kuma kun san Afrilun Garwa, zafi ya haura 40 tun kafin azahar. Mai babur ya yi zagaye bai fi shida ba ya tsaya. Tun kafin ya cire hular kwano na ji warin. Fentin kwanon ƙasa ya kumbura kamar fatar da ta ƙone, tsakiya ya yi baƙi, na taɓa da sukudireba ya burme. Daga ramin notin gefen dama tsaga ta tashi ta yi rassa kamar saƙar gizo har kusa da tanki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ya karya kan babur gaba ɗaya zai juya, sai na ga hannun birki yana gogar bakin riga. Da a guje hakan ta faru, ba maganar fenti za mu yi ba.

Ya tambaya cikin natsuwa me ya faru. Patron ya juya harshe zuwa Faransanci, kamar yadda yake yi idan yana son ya yi girma a gaban baƙo, ya ce tun farko ya umarce ni in duba lambar firam na ƙi, kuma bai san na yanka komai ba. A gaban yaran da nake koya wa aiki. Ya ƙara da cewa zai cire asarar daga albashina, kuma ya cika alkawari, wata biyu cur. Ban ce uffan ba a wurin. Mahaifina ya hore ni kada in ƙaryata babba a bainar jama'a, kuma har yau ban yanke hukunci ba ko horon nan ya taimake ni a ranar.

Bayan sallar isha'i na je gidansu ni kaɗai. Na ce, "Yallaɓai, oda ni na yi ta ba daidai ba, yankan ma da hannuna na yi shi. Na san ba zai zauna ba, na yi shiru." Ban ambaci Patron ba, shi ma bai tambaya ba, ina jin ya gane. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce zai sake oda da kuɗinsa, da sharaɗin ni zan ɗaura kuma babu wanda zai sa mini rana.

Wannan karon na aika wa masu ƙerawa hoton lambar firam da hoton salansar da ke jiki, domin ba ta kamfani ba ce, kuma kwanon da ya dace da wata salansa ba lallai ya dace da wata ba. Da kayan suka iso ban taɓa injin huda ba sai a rana ta biyu. Ranar farko da tef ɗin takarda kawai na yi aiki: na rataya komai a jikin babur, na ja baya na duba, na sauke, na goge baki da sanfefa, na sake ratayawa. Daga hanci ake farawa, a kan ƙarfen da ke riƙe da shi, a tabbatar bakin shan iska ya haɗu da bututunsa. Sai wutsiya da gefen tanki. Kwanon ƙasa shi ne na ƙarshe. Kowane rami na manna tef a wurin, na yi alama daga ciki, na fara da ƙaramin baki mai milimita 3, in ya faɗa daidai sannan in faɗaɗa a hankali don kada farar fatar sama ta ɓantare. Ramin ya ɗan fi notin faɗi kaɗan, da wosha ta roba, saboda babur yana girgiza kuma fiba tana son wurin motsi. Inda sama da ƙasa suka haɗu na sa maɓallan Dzus, waɗanda kwata ɗin juyi ke buɗewa. Asalinsu na murfin injin jirgin sama ne tun shekarun 1930, kuma da su mutum ɗaya zai tuɓe rigar cikin 'yan mintuna. Na karya kai dama da hagu har ƙarshe da safar hannu a hannuna. Na sa yara biyu suka danne gaba iya ƙarfinsu in ga ko taya za ta taɓa kwano. Na bar wa salansa tazarar yatsa biyu, na manna takardar zafi. Sannan na sa mai shi ya hau shi fari haka, babu fenti, Lahadi biyu a jere. Sai da na ga babu inda ya goga ko ya canza launi, na tuɓe aka fesa.

Shekara uku ke nan rigar tana jiki. Ya faɗi da ita sau ɗaya, na lika da rezin da tabarmar fiba a yini guda. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wacce zai saya nake cewa ya sayi wadda za a iya gyarawa a Garwa. Kabon yana da kyau a hoto, ba shi da nauyi, amma ranar da ya tsage sai ka nemi mai gyara ka rasa. Robar nan mai arha da ke zuwa da fentinta ta titi ce, faɗuwa ɗaya take zama tsakuwa.

Sauran abin da na koya ba su da yawa. Rezin a zafinmu ba ya jira, ku dama kaɗan-kaɗan, da sassafe. Kada ku fesa fenti ranar da hunturu ya taso da ƙura. Ku rufe hanci da hannuwa in kuna goge fiba, ƙaiƙayin dare ma kaɗai ya isa dalili. Kayan kamfani da kuka cire ku naɗe su a ajiye wa mai su, har da ƙananan notuna. In babba ya ce ku yanka abin da kuka san ba zai zauna ba, ku sake faɗa masa sau ɗaya a gaban shaida.

Hoton babur ɗin yana nan manne a ofishin Patron, kuma na ji da kunnena yana gaya wa wani baƙo cewa shi ya ɗaura rigar da hannunsa. Albashin wata biyun bai dawo ba. Ranar da zan tafi ya ce in bar masa injin hudar nan ƙarami, na nuna masa rasit da sunana a jiki, na sa shi a akwati. Rumfata tana kan hanyar Pitowa, ina buɗewa bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi.