Yatsu biyu a safar hannu

Jiya na daɗe a tsaye gaban wani zane a gidan tarihi na Kimbell, a Fort Worth ta jihar Texas, har abokin tafiyata ya gaji ya nemi benci ya zauna.

Caravaggio, mai zanen nan ɗan Italiya, ya yi shi a Roma wajen 1594. Mutum uku ne a kan tebur suna karta. Wani yaro ɗan masu hali, fuskarsa fes, ya ƙura wa kartarsa ido. A bayansa wani babba ya leƙo, yana ɗaga yatsu yana yi wa abokin cin mushensa ishara. Shi kuma abokin ya kai hannu baya yana zaro kartar da ya soke a ƙugu, ga wuƙa a gefensa.

Safar hannun babban ce ta tsayar da ni. Ta yage a kan yatsu, fata a waje, wai don ya riƙa shafa kartar da aka yi wa alama. Mu masu kallo mun ga komai, yaron nan bai ga komai ba.

Wallahi sai ƙanena ya faɗo mini a rai, ranar da 'yan karta uku suka cinye masa kuɗin makaranta a tasha. Ya dawo gida yana rantsuwa cewa ya ga inda jar kartar ta faɗa. Har yau idan aka tayar da maganar sai ya sunkuyar da kai, ni kuma a gaban zanen nan sai da idona ya ciko.