Saƙon godiya daga iyalan ɗanmu soja da ya rasu a bakin daga

Assalamu alaikum. A madadin iyaye, matar marigayi da dukkan dangi a Tudun Wada, Kaduna, muna godiya ga duk wanda ya taya mu jimamin rasuwar ɗanmu, las kofur, wanda Allah ya karɓi ransa a fagen fama a jihar Borno. Daga Defot ta Zariya, wurin horar da sabbin sojoji, ya fito, aka tura shi Arewa maso Gabas, kuma daga albashinsa yake biya wa ƙannensa kuɗin makaranta. Ya bar mahaifi da mahaifiya, mata ɗaya da ɗa namiji da ba a yaye ba.

Mun gode wa liman da jama'ar unguwa da suka riƙe zaman makoki, da matan da suka ɗauke wa gidan nauyin girki, da abokan aikinsa da suka yi masa sutura a Maiduguri, suka kuma haɗo kayansa bai ɓata ko allura ba.

Godiya ta musamman ga baba tsohon saje, maƙwabcinmu, wanda ya zauna da mu a kan takardun haƙƙin marigayi. Abin da ya koya mana ya kamata kowane gidan soja ya sani. Wanda soja ya rubuta a fayil ɗinsa a matsayin makusancinsa, shi kaɗai hukuma za ta yi hulɗa da shi. Samari da yawa mahaifi ko yayansu suke rubutawa ranar ɗaukar aiki, su yi aure su haihu ba su sabunta ba, sai bayan rasuwa rigima ta tashi tsakanin matar da dangin miji. Shi wannan makusancin wakili ne kawai, amana ce a hannunsa, kuɗin kuwa na magada ne.

Takardun farawa daga bataliyarsa suke fitowa: sanarwar rasuwa da wasiƙar ta'aziyya ta kwamanda. A haɗa da takardar shaidar mutuwa, rantsuwar kotu, hotunan fasfo, katin shaida da lambar asusun banki. Inda aka fi samun tsaiko shi ne suna. In an rubuta Muhammad a NIN, Mohammed a BVN, fayil zai iya kwanciya wata da watanni, don haka a gyara tun kafin a miƙa. Kada a ba kowa ainihin takarda sai kwafi, kuma kada a ba ɗan kamasho ko sisi. Hanya ma ba ɗaya ba ce: abin da ke hannun Hukumar Fanshon Sojoji a Abuja daban, inshorar rai daban, tallafin karatun yara daban, kowanne sai an bi shi.

Matarsa tana takaba, wata huɗu da kwana goma, muna roƙon masu zuwa gaisuwa su sassauta mata. Rabon gado za a yi shi a gaban alƙali: ita tumuni, iyaye kowanne sudusi, saura na yaron. Amma bashi ake fara biya. Duk wanda yake bin marigayi, ko marigayi yake binsa, don Allah ya samu mahaifinsa a gida bayan sallar La'asar kafin sadakar arba'in.

Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari, ya tsare 'yan uwansa da ke can har yanzu. Amin.