Howard Odum, makiyayin da ya yi wa Amurka taswirar talauci

Idan ɗalibai suka ce mini Amurka ai duk ɗaya ce, sai in kawo musu Howard Odum, masanin zamantakewa ɗan Amurka. An haife shi a 1884 a karkarar jihar Jojiya, ɗan manoma, kuma har ya rasu a 1954 bai bar kiwon shanun Jersey masu madara ba. Ina son wannan a tare da shi. Mutum mai digirin digirgir biyu, ɗaya daga Jami'ar Clark, ɗaya daga Jami'ar Columbia, amma hankalinsa na wajen garke.

A 1920 ya koma Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ya kafa sashen nazarin zamantakewa, bayan shekara biyu ya fito da mujallar Social Forces. Babban aikinsa dai shi ne littafin Southern Regions of the United States na 1936. Ya raba ƙasar gida shida, sannan ya zauna a kan jihohin kudu maso gabas yana tambaya: ga ruwa, ga ƙasar noma, ga itatuwa da ma'adinai, me ya sa mutanen nan suka fi kowa talauci? Bai ɗora laifin kacokan a kan Yaƙin Basasar Amurka ko 'yan arewacin ƙasar ba, kamar yadda dattawan kudu suka saba. Auduga ya nuna da yatsa. Manomi na noma gonar wani, ya ci bashin iri da abinci, kaka ta zo a raba amfani bashin bai biyu ba, ƙasa na zaizayewa, makarantu ba kuɗi, masu ƙwazo na ƙaura. Yana so kudu ta daina fushi da sauran ƙasa, ta tsara gyaran kanta a matsayin yanki cikin tarayya.

Inda nake da ja da shi shi ne batun baƙar fata. Tun yana matashi ya bi ƙauyukan Mississippi yana rubuta waƙoƙin baƙaƙen fata, aiki mai daraja, amma kundin digirinsa na 1910 cike yake da raini gare su. Daga baya ya sauya sosai, ya yi adawa da kisan gilla da gungun fararen fata ke yi. Sai dai a kan dokar wariyar launin fata kullum maganarsa a bi a hankali. Ya rasu 'yan watanni bayan Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati.