Kwanciyar ɗan ƙanwata a asibitin ƙwaƙwalwa

Da likita ya ce a kwantar da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 13 da ya daina barci yana ta surutai shi kaɗai, dangi sun yi ta ja da baya, domin a ganinsu wanda ya shiga asibitin ƙwaƙwalwa ya ɗauki tambarin hauka ke nan. Kwanciyar kuwa ba ta wuce 'yan makonni ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka zaunar da mahaifiyarsa, aka koya mata lokutan ba da magani da alamomin dawowar ciwon. Ranar sallama ma'aikaciyar jinya ta rubuta mata ranar komawa ganin likita a katinsa, ta kuma gargaɗe ta kada ta tsayar da maganin don ta ga sauƙi ya samu.